Juma'ar da iska ta rufe masallaci: muhawarar zaure bayan guguwar Éowyn

Sabon Zuwa (Glasgow):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar Juma'a wani abu ke ci mini rai, na ga gara in kawo shi gaban manya. A watan Satumba na zo karatu, wannan ne hunturuna na farko a ƙasar nan. Ranar Alhamis 23 ga Janairun 2025 da yamma ina dafa taliya, sai wayata ta ɗauki wata ƙara kamar jiniya, alhali na kashe mata sauti. Na duba, saƙon gwamnati ne: jan gargaɗi, gobe kowa ya zauna a gida. Na ce a raina iska ce fa kawai, mu da muka taso muna ganin guguwar farkon damina tana yaye kwano a Gusau. Washegari na yi wanka, na sa shaddata, na ɗora jaket, na fita wajen sha biyu da rabi. Ba bas, ba jirgin ƙasa, manyan kantuna duk a rufe. Tafiyar minti ashirin ce a ƙafa. Ban yi rabi ba na ga kwandunan shara suna gudu a titi su kaɗai. Wani falalen dutse irin wanda suke rufin gida da shi ya faɗo ya tarwatse a gabana, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Na isa masallaci na tarar da ƙofa a kulle, an manna takarda cewa kowa ya yi azahar a gida. Da dafa katanga na dawo. Tambayata: ya halatta a rufe masallaci ranar Juma'a saboda iska? Kuma ni da na rasa Juma'a, akwai laifi a kaina?

Direba (Belfast):
Wa alaikumus salam. Ƙanina, abin da ke raina ka faɗa. Mutanen nan tsoro ya yi musu yawa, mu ma mun fara koyo. Shekarata huɗu a nan, gargaɗin yanayi mai launin ruwan ɗorawa nawa na gani? Sai a ce gobe duniya za ta tashi, gari ya waye ka ga ko hularka ba ta faɗi ba. Ranar Juma'ar nan an hana mu fita raba kaya, ni kuma da yawan kayan da na kai ake biyana. Yini guda ya tafi, mai gidan haya kuma ba ruwansa da Éowyn. Ajali ɗaya ne, in ya zo ko a kan gado ne zai same ka.

Malam (Bradford):
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sabon Zuwa, Allah ya saka maka da alheri a kan kwaɗayin Juma'a, amma kwantar da hankalinka, babu komai a kanka, kuma kwamitin masallacin bai ƙirƙiro sabon abu ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya umarci ladaninsa a wata Juma'a da ake ruwa cewa idan ya kai wurin "hayya alas salah" ya ce "sallu fi buyutikum", wato ku yi salla a gidajenku. Mutane suka ga abin baƙo, sai ya ce musu wanda ya fi shi alheri ya aikata haka, kuma shi ba ya son ya fito da su suna tafiya cikin taɓo da santsi. Dubi dalilin fa: taɓo da santsi. To ina ga ranar da dutse ke faɗowa daga sama? A Scotland jan gargaɗin daga ƙarfe 10 na safe ne zuwa 5 na yamma, lokacin Juma'a na tsakiyarsa. Da liman ya buɗe ƙofa, da shi ya kira mutane cikin haɗari. Ka yi azahar raka'a huɗu, ka sauke nauyi.

Direba, ɗan'uwa, maganar ajali gaskiya ce, amma wanda ya koya mana ita shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Direba (Belfast):
Allah gafarta Malam, na karɓi hadisi hannu biyu. Maganar Juma'a ta wuce. Amma maganar zuzuta abu tana nan.

Anti Nas (Galway):
Direba, ina rubuta wannan ne daga zauren wasanni na ƙauyen da ke kusa da mu, inda aka buɗe wa mutane su zo su yi cajin waya, su yi wanka, su sha shayi mai zafi. Yau kwana biyar ba mu da wuta. Ka zo ka ga abin da kake cewa zuzutawa. A Mace Head, nan gaɓar teku a yankinmu, an auna iska da asubahi tana gudun mil 114 a awa, sama da kilomita 180, ta karya tarihin da aka kafa tun 1945. Gidaje da gonaki da shaguna 768,000 suka rasa wuta a Jamhuriyar Ireland. Ku ma a Ireland ta Arewa sama da 280,000 ne. A Donegal bishiya ta faɗa kan motar wani matashi ɗan shekara 20, ya rasu.

Daren nan ban runtsa ba. Ba irin iskar gida ba ce mai zuwa da ƙura ta yi minti talatin ruwa ya sauko ta kwanta. Wannan awa da awa take yi, gida yana nishi, labule yana motsi alhali taga a rufe take. Na kwaso yara daga ɗakin sama muka kwanta a ƙasan matattakala. Ƙaramar sai tambayata take, Umma jirgi ne zai sauka a kanmu?

Abin da ban sani ba sai da ya same ni: na ɗauka tunda da mai ake ɗumama gidan, rashin wuta ba zai taɓa mu ba. Ashe boila ba ta tashi sai da lantarki, famfon da ke zagaya ruwan zafin da wuta yake aiki. Kwana na biyu ruwan famfo ya ɗauke, don injinan turo ruwa su ma wuta suke ci. Sabis ɗin waya ya tafi. Kati ba ya aiki a shago sai tsabar kuɗi, ni kuma yuro goma kacal ke jakata. A gida in an ɗauke wuta rayuwa na ci gaba, akwai rijiya, akwai murhu, akwai maƙwabci mai janareta. Nan komai a kan waya ɗaya aka rataye shi, tana tsinkewa ka koma ba ka da komai, ga sanyi.

Sabon Zuwa (Glasgow):
Subhanallah. Sannu Anti, Allah ya kawo sauƙi. Malam na gode, wallahi ka sauke mini dutse daga ƙirji.

Direba (Belfast):
Sannu Anti. Mu ma kwana biyu muka yi ba wuta. Ni dai na shigo da abin gashin nama cikin kicin, na hura gawayi, muka dafa shinkafa muka ji ɗumi. Dabara ce ta ɗan ƙauye.

Anti Nas (Galway):
Innalillahi. Direba, don girman Allah kada ka sake. Ba wasa nake ba. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai ji ciwon kai da jiri da barci, daga nan sai a tarar da shi. Ka manta yadda duk hunturu ake jin labarin waɗanda suka kwana da kasko a ɗaki a gida ba su tashi ba? Can ma ɗakunanmu na shan iska ta ƙarƙashin ƙofa da jikin rufi. Gidajen nan a toshe suke ruf, gilashi biyu-biyu. Haka janareta, ko a gareji kada a sa shi, waje can nesa da taga. Yaranka sun yi kukan ciwon kai a ranar?

Direba (Belfast):
Babban ya ce kansa na sarawa, na ɗauka sanyi ne. Na buɗe ƙofar baya saboda hayaƙi. Allah ya kiyaye. Ba zan ƙara ba Anti.

Anti Nas (Galway):
Ƙofar nan da ka buɗe ita Allah ya yi sanadi da ita. Ka sayi na'urar da ke ƙara in iskar ta taru, ba ta da tsada, batir take amfani da shi.

Maman Biyu (Paisley):
Ina ta karantawa, na ce bari in sa baki, don akwai waɗanda "ku zauna a gida" ba da su ake ba. Aikin kula da tsofaffi nake yi gida-gida. Daren Alhamis saƙo biyu suka shigo wayata kusan tare: na gwamnati yana cewa kada a fita, na manaja yana cewa ziyara tana nan yadda aka tsara. Mutum tara ke jerina. Kun san yadda takardunmu suke, bizata a hannun kamfanin take, in na ce ba zan je ba ban san abin da zai biyo baya ba.

Na fita. A hanya ta biyu bishiya ta gitta titi, na juya. Motata ƙarama ce, a kan gada sai na ji kamar ana tura ta gefe da hannu, na riƙe sitiyari ina ta hasbunallahu. Da na isa gidan wata tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, na same ta cikin duhu. Gadonta na lantarki ne, wuta ta ɗauke yana a tashe, ta kasa kwanciya ta kasa sauka, na'urar ɗaga ta ma batirinta ya kusa ƙarewa. Hannunta kamar ƙanƙara. Ta riƙe ni tana cewa ta san zan zo. Na lulluɓe ta da duk bargon da ke gidan, na zuba mata shayin da ke filas ɗina, na ba ta maganinta.

Gaskiyar magana, ko ba tsoron biza wannan matar zan je mata, sa'ar kakata ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne cikin taran nan huɗu ne kawai ba za su iya jira ba. Sauran wanke kwano ne da gyaran gado, wasu ma 'ya'yansu na gida ranar tunda ba aiki. Da an zauna daren Alhamis an tace jerin, an kira iyalai, da awa biyu zan yi a waje ba bakwai ba. Ba wanda ya kira ya ji ko na koma gida lafiya.

Lauya (Leeds):
Sannu 'yar'uwa, Allah ya biya ki. Kada ki goge saƙon manajan nan, ki ɗauki hotonsa tare da na gwamnati, da lokacin da kowanne ya shigo. Ki rubuta musu cikin ladabi ki nemi su nuna miki tsarinsu na ranar mummunan yanayi, wane ne za a je wa dole, wane ne za a kira ta waya. A rubuce, ba da baki ba. Dokar aiki ta 1996 tana da sashe na 44 da ke kare ma'aikacin da ya ƙi zama cikin haɗari mai tsanani da ke gab da afkuwa, amma yadda zai hau kan tafiyar hanya sai an duba lamarinki da kyau, shi ya sa nake ce wa duk masu aikin nan su shiga ƙungiyar ƙwadago tun kafin rana ta ɓaci. Sannan tsohuwar nan, a tabbatar an sa sunanta a rajistar masu buƙata ta musamman ta kamfanin wuta, kyauta ne, su ake fara dubawa. Lambar da ake kira in wuta ta ɗauke a Ingila da Scotland da Wales ita ce 105.

Maman Biyu (Paisley):
Na gode Yaya. Ban san da rajistar ba, zan yi wa 'yarta magana gobe in Allah ya kai mu. Takardar kuma zan rubuta, amma sai ka duba mini kafin in tura, gabana na faɗuwa.

Baba (Carlisle):
'Ya'yana, duk na ji ku. Iska tana da kwarjini, shi ya sa kowa ke maganarta. Ni ruwa nake tsoro. Bari in ba ku labarin Desmond, Disamban 2015, shekarar da aka fara sa wa guguwa suna a ƙasar nan.

Ruwan ba mai ƙarfi ba ne a ido. Ba tsawa, ba walƙiya, ba irin wanda ke dukan kwano har ka kasa jin maganar na kusa da kai. Yayyafi ne mai naci, a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi tun Nuwamba. A can kan duwatsu, wurin da ake kira Honister, an auna milimita 341 cikin awa 24. Ku ɗauki ruwan da Kano ke samu a watan Agusta gaba ɗaya, ku juye shi a yini guda. Ruwan nan dole ya gangaro, kuma koguna uku ne suka haɗu a garinmu: Eden, Petteril da Caldew.

Muna haya a wani layi da ke jikin Warwick Road. Bayan ambaliyar 2005 an kashe fam miliyan 38 an yi katangun tare ruwa, don haka da gargaɗi ya zo ranar Asabar na ce wa uwargidana ta kwantar da hankalinta, an yi maganin abin. Ita ce ta ƙi ji, ta kwashe fasfo da takardu da Alƙur'anai ta hau da su sama. Ni na tsaya ina jera buhunan yashi a bakin ƙofa. Ruwan bai bi ta ƙofa ba. Ta ƙarƙashin daɓe ya ɓullo, kafet ya fara kumbura kamar ana hura shi, sai ta bayi, sai ta magudanar kicin. Ya haura katangar da muka dogara da ita. Kafin asuba firij yana yawo a falo. Da kwalekwale aka fitar da mu ta taga, na ga filin ƙwallon Brunton Park ya zama tafki, ragar gola rabinta a ruwa. Gidaje wajen dubu biyu a garin nan kaɗai.

Ranar ambaliya ba ita ce wahala ba, ranar akwai jama'a, akwai masu kawo abinci, har 'yan'uwa Musulmi daga wasu garuruwa sun zo da motoci cike da kaya suna taya mutane kwasar taɓo. Wahalar tana farawa ne bayan 'yan jarida sun tafi. Ruwan a gauraye yake da na masai, duk abin da ya taɓa sai bola. Layinmu kaf kujeru ne da katifu da bishiyoyin Kirsimeti a jibge a waje. Sai an fasa filasta, an cire katakon daɓe, an kunna injin busarwa wata da watanni. Wata bakwai muka yi a ɗaki biyu na aro. Akwatin hotuna yana ƙarƙashin gado a ɗakin ƙasa, na manta da shi. Hoton mahaifiyata guda ɗaya da nake da shi yana ciki. Da na ɗago shi fuskar ta narke ta bi yatsana.

Kuma ba ni da inshorar kaya. Na ɗauka ta mai gida ta haɗa da ni. Tasa ginin kawai ta rufe, kayan ɗan haya ba ruwanta da su.

Ɗan Borno (Manchester):
Baba, ka sa na yi hawaye. Allah ya jiƙan Inna. Ranar 1 ga Janairun nan da kogin Mersey ya cika aka riƙa fitar da mutane da kwalekwale a Didsbury da Stockport, ban iya kallon labarai ba, kashe talabijin na yi. Kusan wata huɗu kafin nan, daren da madatsar Alau ta ɓalle, mahaifiyata tana barci a unguwar Gwange da ke Maiduguri. Ba abin da ya tashe ta sai sanyin ruwa a tabarma. Da zanen jikinta ta fita. Shi ya sa Direba, in na ji ana ƙorafin gargaɗi ya yi yawa sai in rasa abin cewa. Da wayarta ta yi irin ƙarar da ta Sabon Zuwa ta yi, ko da awa uku ne, da ta fitar da takardun gida da keken ɗinkinta.

Direba (Belfast):
Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Ban ce kada a yi gargaɗi ba. Cewa nake a bambance, kuma a san da mu masu cin yini da yini. Wanda ke aiki a kwamfuta ya zauna a gida albashinsa na tafiya. Ni da Maman Biyu ɗaya aka tilasta mata fita, ɗaya aka hana shi ba a biya shi ba.

Injiniya (Aberdeen):
A nan kana da gaskiya, kuma ba wanda ya amsa maka. Amma bambancin da kake nema yana nan, mu ne ba mu karanta shi. Ruwan ɗorawa sau da yawa yana nufin abin zai iya yin muni amma ba tabbas, shi ya sa kake ganin ya wuce salin-alin. Ruwan goro ya fi kusa da tabbas. Ja kuwa ba kasafai ake fitar da shi ba, kuma ma'anarsa rai na cikin haɗari. Wannan ma an hango ta tun kwanaki. A makon ne sanyi ya sauka kudancin Amurka har ƙanƙara ta rufe New Orleans. Karon iskar sanyin nan da ta ɗumi shi ya ƙara wa babbar iskar da ke gudu can sama a kan tekun Atlantika ƙarfi, ita kuma ta ɗauko guguwar tana zurfafa ta cikin sauri har ta iso Ireland. A Drumalbin, kudu da Glasgow, an auna mil 100 a awa. Sabon Zuwa, cikin wannan ka fita da shadda.

Hajiya (Luton):
Ni tambayata ga Malam ce. Inshorar da Baba ya ambata, na ji wasu na cewa haramun ce. Maigidana ya ƙi yi saboda haka, ga mu kuma a hawan ƙasa.

Malam (Bradford):
Hajiya, mas'ala ce da malamai suka yi magana mai tsawo a kanta. Da yawa sun hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke ciki, suka halatta ta taimakekeniya wadda ake kira takaful. Wasu kuma daga masu fatawa a ƙasashen nan sun yi sauƙi inda doka ta tilasta ko buƙata ta yi tsanani kuma babu madadin. Ba zan yanke wa gidanku hukunci a zaure ba. Ku je tare da Alhaji wurin malamin da kuka amince da shi, ku gaya masa a hawan ƙasa kuke, ku gaya masa abin da za ku rasa da wanda zai ɗauki nauyinku in ya faru.

Sabon Zuwa (Glasgow):
Baba, ɗakina a ƙasa yake, rabinsa ma cikin ƙasa, kuma kogin Kelvin bai da nisa da mu. Yaya zan san ko wurin na ambaliya ne?

Baba (Carlisle):
Ɗana, ka shiga shafin SEPA, hukumar kare muhalli ta Scotland, akwai taswira, ka sa lambar unguwarku za ta nuna maka. Ka yi rajistar saƙon gargaɗin ambaliya a wayarka, kyauta ne. Na Ingila su duba na hukumar muhalli. Sannan ka tambayi tsohon da ya fi daɗewa a layinku, zai nuna maka inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin bango. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka sa fasfo da takardun makaranta a leda mai zif ka ɗora a saman kabad, ka ɗauki hotonsu a waya. Tocila, fawa bank a cike, ruwan gora, ɗan kuɗi a hannu. In ka ga ruwa ya rufe titi kada ka shiga, mai gudu in ya kai idon sawu zai iya kayar da kai, kuma murfin kwata yana ɗagewa ba ka gani. In kana da hoton iyayenka na takarda, shi za ka fara ɗagawa.

Anti Nas (Galway):
Jama'a, wuta ta dawo ɗazu bayan la'asar, kwana tara cif. Ma'aikatan da suka ɗaura wayar layinmu ba ma 'yan ƙasar nan ba ne, an kawo taimako daga Faransa da Austria da Finland. Yara suna ta kunna fitila suna kashewa. Naman da ke firiza duk na zubar, har da kilishin da aka aiko mini ya yi fumfuna saboda danshi. Maƙwabciyata ta can ƙarshen hanya har yanzu ba ta samu ba, ita kaɗai ce a gida, na je na ɗauko ta za ta kwana wurinmu. Direba, ka sayi na'urar?

Direba (Belfast):
Na saya Anti, guda biyu. Ɗaya a kicin, ɗaya a ƙofar ɗakin yara.